Takardar da Na Gyara wa Yaya Sulan

Ina riƙe da waya ina ɗaukar bidiyo lokacin da na ga Tong Dehai, mijin yayata, ya ɗora diddigensa a kan yatsunta a cikin bahon ruwa ya danna. Mata talatin da biyu ne a durƙushe a kan dandamali, kowace da jan bahonta da ɗan tawul a kafaɗa, kowace tana wanke ƙafar mijinta. Ana sakin kiɗa mai taushi ta lasifika, tsofaffin da ke layin gaba suna share hawaye. Ni kaɗai na matso kusa har ina ganin ƙasan ruwan, don Mama ta ce in ɗauko fuskar Yaya da kyau. Ya danna, ya murza, yana yi wa wayata murmushi. Yaya Sulan ba ta janye hannun ba. Da ɗaya hannun ta ci gaba da cuɗa masa idon sawu, kamar yadda aka koya musu.

A nan tsoro ya shige ni, kuma har yau bai fita ba. Ba muguntarsa ce ta tsorata ni ba, wannan na daɗe da saninta. Fuskarta ce. Sati uku kafin ranar, da ya yi mata haka, da bahon da ruwan duk a kansa za su ƙare.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ina da shekara biyar rami ya rufta da Babanmu a mahaƙar kwal, ita kuwa tana da sha shida. A satin da aka binne shi ta ajiye jakar makaranta, ta je wurin wata tsohuwa a bayan tashar mota ta koyi yin awara. Tun daga lokacin, duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar safe a garinmu ya san muryarta kafin ya san fuskarta. Tana tsaye bayan tebur da wuƙa a hannu, tururi na tashi, tana tsokanar duk wanda ya gifta. In tsoho ya sa yatsa ya latsa awara don ya ji laushinta, sai ta ce, "Kawu, ka taɓa ka saya. Ko matarka ba ka taɓa ta kyauta ba." Kasuwa ta ɗauki dariya, tsohon ya saya biyu don kunya. Hannuwanta kullum jajaye ne, a tsattsage saboda ruwan zafi da sanyin gari. Da waɗannan hannuwan na yi sakandare, da su na yi jami'a har na fito da digiri a fannin adabi. Ranar da na kawo takardar shaidar gida, sai da ta wanke hannu sau biyu kafin ta karɓa, kuma ta riƙe ta ta gefe-gefe kada ta ɓata.

Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Dehai, direban motar kwal. Mutum ne da kowa ke yabo a waje. Duk kaka, in an sayo kabejin da za a ci har sanyi ya wuce, shi ke ɗaukar na Mama a kafaɗa ya hau da shi hawa biyar, bai taɓa yarda a taya shi ba. Mama takan nuna shi ga maƙwabta ta ce ta haifi mata biyu amma ta samu ɗa. Dukan ya fara a shekara ta biyu, yawanci in ya sha giyar dawa, daga baya ko bai sha ba. Yaya ba ta tsayawa. Ta taɓa rotsa masa goshi da katakon matse awara, kuma da na tambaye ta sai ta yi dariya ta ce ya ba ta biyu ta ba shi ɗaya da rabi, ciniki bai yi muni ba. Haka take mayar da komai wasa, mu kuma muka samu sauƙin ɗaukarsa a wasa.

Ta yi ɓari sau biyu. Na biyun cikin wata shida ne, bayan ya ture ta a matakalar bene. Wannan ba ta yi wasa da shi ba. Ta karɓi takardar asibiti ta saka a gwangwanin biskit, ta tura shi ƙarƙashin buhunan waken suya inda Dehai ba ya kai hannu. Duk abin da ya biyo baya, in ta je asibiti, takardar gwangwanin take shiga. A bazarar da ta wuce ya fasa mata dodon kunnen hagu. Ta ɗauko gwangwanin da jaka ɗaya ta dawo gidan Mama, ta shigar da ƙarar neman saki. Ni na raka ta kotu muka cike takardun. A hanyar dawowa ta saya mana gasasshen dankali muna tafe muna ci, tana ta magana da ƙarfi fiye da da, don ba ta jin kanta sosai.

Bayan kwana goma surukarta, tsohuwa Tong, ta hawo benenmu da kwalin tuffa da wata takarda mai hoton furanni. Ajin Tarbiyyar Mata ta Gargajiya, sati uku, kyauta, a tsohuwar firamare da ke bayan gari. Ta zauna ta kama hannun Mama tana kuka, ta ce ɗanta ya yi alkawari: in Sulan ta je ta gama ajin, ta dawo tana nan a kan bakanta, zai sa hannu a takardar saki ba tare da ja-in-ja ba. Bayan ta tafi Mama ta ɗora nata. Ta ce tun kakannin kakanni ba a taɓa sakin mace a gidanmu na Meng ba. Ta ce da wane ido za ta kalli hoton Babanmu. Da ta ga duk wannan bai kama ba, sai ta nuna ni ta ce ga Auta nan ta gama karatu, wane gidan kirki ne zai nemi ƙanwar bazawara.

Yaya ta dube ni ta ɗaga kafaɗa.

"Sati uku ne, Auta. Na yi shekara goma sha biyu a gidan Tong, sati uku me zai yi mini?"

Ana karɓe musu waya a bakin ƙofa, amma ana barin dangi mata su zo ran Lahadi. Shugabar wurin ana ce mata Malama Kang, wata siririya mai fararen kaya, ba ta taɓa ɗaga murya. Tana cewa ta taɓa yin ciwon daji, likitoci suka sallame ta, ta koma gida ta durƙusa wa mijinta ta nemi gafara, ciwon ya narke. A bangon ajin an rubuta manyan baƙaƙe: namiji sama ne, mace ƙasa. A ƙarƙashi an jera dokokin matar kirki. In an doke ki kada ki rama, in an zage ki kada ki tanka, abin da ya zo ki karɓa, saki kuwa ko a mafarki. Da hannu tsirara suke wanke masai, babu safar hannu babu burushi, wai don girman kai ya fita ta yatsu. Duk wannan, in ji Malama Kang, ba nata ba ne, gadon shekara dubu biyar ne da matan zamani suka yar.

Lahadin farko na tarar da Yaya yadda na san ta. Ta ja ni bayan kicin tana kwaikwayon tafiyar Malama. Ta ce an gaya musu mace ruwa ce, kullum gangara take nema, ita kuwa ta ɗaga hannu ta tambaya ko Malama ta taɓa ganin ambaliya. An sa ta durƙuso awa biyu a kan wannan. Ta ce awarar da ake ba su ko alade zai yi ƙorafi. Na koma gida hankalina kwance.

Wata mata da suka yi ajin tare ita ta gaya mini abin da ya faru ran Larabar da ta biyo baya. Malama Kang ta kira Yaya gaban aji, ta sa ta durƙusa, ta dafa kanta a hankali. Tsohuwa Tong ta riga ta ba Malama labarin gidan duka. Malama ta tambayi Yaya 'ya'yanta nawa. Yaya ta ce babu. Malama ta ce ba haka ba ne, biyu ne. Ta ce yara biyu sun zo har ƙofarta, suka saurara, suka ji muryar uwarsu tana zagin ubansu, suka ce nan ba gidan zama ba ne, suka juya. Ta sa sauran matan su yi shiru na minti biyu don yaran. Matar ta ce a cikin shirun nan aka fara jin wani sauti daga bakin Yaya, irin wanda ba ta taɓa ji daga bakin mutum ba.

Lahadi na biyu ba ta ja ni bayan kicin ba. Muka zauna a kan benci a rana, hannuwanta a kan cinya suna warin sinadarin wanke masai. Sai ta juyo ta dube ni.

"Auta, ke da kika yi karatu. Ɗan da ke ciki yana jin magana?"

Na ce littattafai sun ce daga wajen wata biyar yana fara jin sauti. Haka na amsa, kamar ina ɗakin jarrabawa. Sai da na hau motar komawa gida na tuna cikin da ta rasa wata nawa ne.

Al'adar ajin ita ce ranar rufewa kowace mace ta karanta takardar tuba a gaban mijinta, ta dangwala yatsa da jan tawada, ta miƙa masa da hannu biyu ya ajiye. Yaya ba ta yi nisa a karatu ba, rubutunta kamar kaji sun yi tonon ƙasa. Sau biyu Malama tana dawo mata da tata. Sai Mama ta karɓo ta kawo mini gida, ta ajiye a kan littafin da nake bitar jarrabawar shiga aikin gwamnati, ta ce ga ranar digirina ta zo.

Abin da Yaya ta rubuta gajere ne. Ya mare ni don na ɗaga murya. Ya ture ni a matakala don na riƙe masa riga. Ya buge ni a kunne don na ce zan tafi. Na tuba. A gefe Malama ta rubuta da jan biro cewa matar kirki ba ta lissafa abin da mijinta ya yi, nata kawai take faɗi.

Na buɗe kwamfuta na cire shi daga kowace jimla. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Na rubuta: na faɗi a matakalar bene saboda gaggawata da rashin natsuwata, na yi asarar abin da ke cikina, na kuma ɗora wa mijina laifin da ba nasa ba. Na rubuta cewa kunnenta ya samu rauni ne garin fushin da take yi ta buga kanta da ƙofa. Na rubuta cewa a shekara goma sha biyu mijinta bai taɓa gajiya da haƙuri da ita ba. A raina wasan kwaikwayo ne, a ba su abin da suke so ta fito ta karɓi sakinta. Har na ƙara wata tsohuwar karin magana a ƙarshe, kuma ba zan ɓoye ba, da na sake karantawa na ji daɗin yadda jimlolin suka zauna. Tata ta asali, mai jan biro, na sa ta a tsakiyar littafina ina alamar shafi da ita.

Malama Kang ta ce ba ta taɓa ganin takarda mai kyan wannan ba. Cikin mata talatin da biyu, Yaya aka zaɓa ta karanta tata a lasifika.

To, bayan an gama wanke ƙafa a ranar, aka miƙa mata abin magana. Ta tsaya ta karanta kalmomina ɗaya bayan ɗaya, tana tuntuɓe a kan masu wuya, ni kuma ina ɗauka, don hannuna ya ƙi sauka. Aka kawo jan tawada. Yatsan da ta dangwala ya riga ya kumbura, shi ya sa tambarin ya fito da faɗi. Dehai ya karɓa, ya ninka huɗu, ya sa a aljihun cikin rigarsa ya dafa wurin sau biyu. Aka yi ta tafi. Kafin mu iso gida Mama ta tura bidiyon zauren dangi na waya, gwaggonni suna ta aiko da hoton furanni.

Yatsu biyu ne suka tsage. Ta yi sati uku ba ta iya matse awara, kuma a zaman nan a gidan Mama ta fara dawowa hayyacinta kaɗan-kaɗan. Ba ta koma yin dariya ba, amma wata safiya ta ce ba za ta janye ƙarar ba. Da aka tuna wa tsohuwa Tong alkawarin, sai ta ce wane alkawari, ai yarinya ta tuba a gaban mutum ɗari biyu.

An zauna shari'ar a watan tara. Yaya ta zo da gwangwanin biskit ta jera takardun asibiti a kan tebur. Lauyan Dehai bai ko dube su ba. Ya miƙe ya warware takarda mai ninki huɗu ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya fi Yaya iya karanta ta, har karin maganar sai da ya ja ta. Sannan ya kunna bidiyona. Ga Dehai yana murmushi, ga matarsa tana wanke masa ƙafa. A bidiyon kumfa ta rufe ruwan, ba a ganin abin da na gani a ƙasa. Alƙalin, wani mutum mai gajiyayyar fuska da tulin fayil a gabansa, ya ɗaga takardar.

"Wannan dangwalenki ne?"

"Nawa ne."

"Ke kika rubuta?"

Ta juyo da kunnenta mai ji, kamar ba ta ji ba, ta haɗa ido da ni. Ina zaune a benci na biyu. Saura wata biyu in zauna jarrabawa, kuma kowa ya san ana bincikar sunan mutum kafin a ɗauke shi aiki. Ban san ko shigar sunana a fayil ɗin kotu zai hana ni wani abu ba, har yau ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba. Ta juya ta ce ita ta rubuta, ba wanda ya taya ta.

Takardarta ta asali tana cikin jakata a lokacin, a tsakiyar littafin da nake yawo da shi ko'ina. Ina jin nauyinsa a kan cinyata. Ban tashi ba.

Alƙali ya ce shaidu sun ci karo da juna, kuma a ganin kotu ƙauna ba ta gama yankewa tsakanin ma'auratan ba. Ya shawarce su su koma su riƙe juna da kyau. Yaya ba za ta iya sake shigar da ƙara ba sai bayan wata shida. A bakin ƙofa Dehai ya riƙe wa Mama jaka, ya taimaka mata ta sauka matakala. Da ya zo gifta ni ya rage murya.

"Ƙanwata, karatun nan naki bai tafi a banza ba."

Ban taɓa gaya masa ni na rubuta ba. Ya dai san matarsa, ya san ba ta san waɗannan kalmomin ba.

Mama ta ce tunda hukuma da kanta ta ce a koma, ita ba za ta riƙe matar mutane a gidanta maƙwabta suna ƙirga kwanaki ba. Injin niƙan Yaya da tukwanenta duk suna ɗakin ajiya a ƙasan benen su Dehai, kuma ya sa sabon kwaɗo. Ba awara, ba ta da komai. Ta haɗa jakarta. Gwangwanin ta bar mini. A bakin matakala na buɗe baki zan yi magana, ta toshe mini shi da tafin hannunta mai kaushi, ta ce in je in yi karatuna, wata shida ne kawai.

Ta koma kasuwa. Na riƙa zuwa ina tsayawa nesa ina kallonta. Tsofaffi suna latsa awara yadda suka ga dama, ba ta ce musu komai. Wani ya tambaye ta ina bakin nan nata ya tafi, ta ce mace ba ta da baki sai na cin abinci. Ya yi dariya, ya ɗauka tsohuwar tsokanar ce. Na zauna jarrabawar a watan sha ɗaya, ban iya tuna ko tambaya ɗaya ba.

Ran Talatar nan, wajen sha biyun rana, maƙwabciyar su Yaya ta kira ni. An tarar da Yaya a ƙasan matakala, tsakanin hawa na uku da na biyu, kanta yana jini. Saura sati bakwai wata shidan ya cika. Da na isa asibiti an riga an shiga da ita tiyata. Dehai yana tsaye a baranda da 'yan sanda biyu, idonsa jajir, yana gaya musu cewa matarsa kullum cikin gaggawa take, ba ta da natsuwa, ba wannan ne karo na farko da ta faɗi a matakalar nan ba. Ya sa hannu a aljihun ciki ya ciro takardar. Ta yi laushi saboda ninki. Ɗaya ɗan sandan ya karanta yana gyaɗa kai.

A ranar na je ofishinsu da gwangwanin da kwamfutata da takardar Yaya mai jan biro. Na ce ni na rubuta waccan, ga tata. Jami'in ya saurare ni har na gama, ya ɗauki hoton komai, ya tambaye ni me ya sa ban faɗa a kotu ba. Ya ce za su duba, amma ba wanda ya ga abin da ya faru a matakalar, kuma takarda ɗaya tana da dangwale, ɗayar ba ta da. Abin da zai fi ƙarfi, in ji shi, shi ne ita ta faɗa da bakinta.

Mama ba ta yi mini magana tun da ta ji na je. Ta ce wa gwaggona na kai surukinta wurin 'yan sanda alhali shi ke kwana a kujerar asibiti. Jiya Malama Kang ta aiko da kwandon lemo da ɗan kati, ta ce a raɗa wa Sulan a kunne kada ta riƙe kowa a zuciya, fushi ne ke hana ciwo warkewa. Mama ta sunkuya ta raɗa mata. A kunnen hagu ta raɗa, ban gyara mata ba.

Ana barina in shiga minti goma sha biyar a rana. An aske mata kai, akwai bututu a bakinta. Hannuwanta suna kan bargo, kwana biyu kawai ba su taɓa ruwan zafi ba har jan ya fara dusashewa. Dehai yana zaune a waje, yana miƙe wa duk nas ɗin da ta wuce yana gode mata.

Likita ya ce sai kumburin ƙwaƙwalwar ya sauka za a san ko za ta farka, in ta farka kuma ko za ta iya magana. Ya ce wataƙila zuwa Juma'a. 'Yan sanda sun ce za su kira ni. Yau Alhamis, ƙarfe uku na rana. Ba ta farka ba, kuma ba wanda ya kira.